Gemu Ba Ya Hana Koyon Tuƙi

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mutanen tudu ne. Sun san noman auduga da masara da dawa, sun san kiwo, amma sha'anin ruwa ba gadonsu ba ne. Abin mamaki kuwa, Gulbin Sakkwato, wanda Kabawa ke taƙama da shi, a nan kusa da Funtuwa ya ke da tushe. Da rani ƙoramun ƙasar duk yashi ne, yaro ya tsallake ko ƙafarsa ba ta jiƙe ba. In watan Agusta ya tsaya, sai su cika su batse, su raba manomi da gonarsa, su raba mai ciwo da asibiti. A lokacin nan ne mutumin tudu kan gane akwai wani ilmi da iyayensa ba su koya masa ba.

A wani ƙauye na ƙasar Faskari an yi wani dattijo, tsohon malamin awon auduga, wanda ya ba hamsin baya bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba. Gonarsa mafi albarka tana hayin gulbi. Kowace damina sai ya rasa kwana da kwanaki na noma yana jiran ruwa ya janye, ciyawa kuwa ba ta jira. Abin da ya fi damunsa shi ne jikokinsa, waɗanda in sun ga ya daɗe bai ƙetare ba sai su ɗauki gora su faɗa ruwa ba da saninsa ba. Da ya sayar da audugarsa wata shekara, sai ya ce shi kwalekwale zai saya. Abokan hirarsa suka yi ta dariya, suna cewa tsufa ya zo da gardama. Shi dai bai tanka ba, ya kama hanyar Mairuwa, inda masunta kan taru a bakin madatsar ruwa.

A can ya sami wani Basarke, mutumin Yawuri, wanda a haife bai fi ɗansa na fari ba. Bayan sun gaisa ya gaya masa abin da ke tafe da shi, ya nuna wani dogon jirgi siriri, ya ce irinsa ya ke so. Basarken ya ce, "Baba, wannan dokin sukuwa ne, ba a fara koyon hawa da shi. Kafin ka zauna ya zubar da kai."

Sa'an nan ya zaunar da shi ya karanta masa jirage kamar yadda a ke karanta wa almajiri allo. Akwai na sassaƙa, wanda a ke fafewa daga gungume guda. Na maɗaci ko na kawo ya fi ƙarko, sai dai nauyi, mutum ɗaya ba ya jansa tudu. Na rimi ba nauyi, ga arha, amma ba ya daɗewa sai ya ruɓe. Akwai kuma na katako, wanda a ke haɗawa da ƙusa a liƙe tsagoginsa da auduga da kwalta. Jirgi mai faɗin gindi ya fi zama daram a ruwa kwantacce. Mai kewayayyen gindi ya fi rawa, amma ya fi jure igiyar ruwa a hannun gwani. Dogo ya fi gudu, gajere ya fi saurin juyawa, shi ya sa ya fi dacewa da ƙorama mai kwana da duwatsu. Daga ƙarshe dattijon ya zaɓi gajere na katako mai faɗin gindi, wanda zai ɗauki mutum uku da ɗan kaya.

Da ya biya kuɗi ya nemi a ɗora masa jirgin a mota, sai Basarken ya hana. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. A tudu kai ne gaba da ni, amma a ruwa sai ka bi maganata. Ba na sakar maka jirgin nan sai ka iya kifewa." Dattijon ya ce, "Ɗan nan, tuƙi na zo koyo, wa ke koyon kifewa?" Ya ce, "Tuƙi kwana bakwai ne. Kowane jirgi da ranar kifewarsa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya."

Maganar nan tasa ba ta Sarkawa kaɗai ba ce. Can ƙasar Girinlan, inda ruwa ke daskarewa, mafarauta na da wani ɗan jirgi na mutum ɗaya da su ke kira kayak, rufaffe da fata. In ya kife, mai shi ba ya fita, gama sanyin ruwan kisa ya ke yi. Sai ya share ruwa da filafili, ya murɗa ƙugu, jirgin ya mirgino da shi sama. Turawa suka koyi wannan dabara, suka mai da ita wasa a rafuka masu gangara, har aka shigar da tseren irin wannan ruwa cikin wasannin Olamfik a Munik ta Jamus a 1972. Masu koyar da ita sun ce kai shi ne ƙarshen abin da ke fitowa daga ruwa. Wanda ya yi garajen ɗaga kai don ya shaƙi iska, nauyin kan nan shi zai mai da shi ƙasa. Kwalekwalenmu buɗaɗɗe ne, ba ya mirginawa haka, amma tushen ilmin ɗaya ne, watau mutum ya mallaki hankalinsa sa'ad da numfashi ya ƙure.

Dattijon ya kama ɗaki a Mairuwa. Kullum da hantsi, bayan masunta sun fito, sai su shiga inda ruwa ya ke iyakar ƙirji. Da fari aka koya masa nutsar da fuska ya ƙirga goma, sa'an nan kwanciya rigingine a kan ruwa, sa'an nan iyo da gora. Yara suka riƙa taruwa a gaɓa suna kallon mai furfura yana shan ruwa yana tari. Wannan ya fi masa ciwo bisa ga ciwon gwiwa da na kafaɗa, har ran nan ya ɗaure kayansa zai koma gida. Da ya tuna jikokinsa sai ya kwance.

A mako na uku aka fara kifar da jirgi da gangan. Basarken ya kafa masa dokoki. In jirgi ya kife kada ka rabu da shi, gama itace ba ya nutsewa da wuri, gaɓa kuwa ta fi yadda ido ke gani nisa. Ka tsaya ta wajen da ruwa ke fitowa, don kada jirgin ya matse ka da dutse. Kada ka nemi miƙewa tsaye cikin ruwa mai gudu, ƙafa kan maƙale a kogon dutse ruwa ya danne mutum. In an birkito jirgi, a kama ƙarshensa a yi ta turawa ana jawowa har ruwan ciki ya fantsame, a kwarfe saura da ƙwarya. A hau ta ƙarshe, ba ta gefe ba. Dattijon ya yi wannan ya fi sau arba'in kafin Basarken ya ce, "To, Baba, yanzu jirgi ya zama naka."

A damina ta biyu ranar ta zo. Yana ƙetarewa da jikansa ɗan shekara tara da buhu biyu na takin zamani, sai wani kututture da ruwa ya kwaso ya bugi gefen jirgin, ya kife. Yaron ya shaƙo wuyan kakansa, gama wanda ruwa ya ci ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dattijon ya nutsa da gangan har yaron ya sake shi, ya ɓullo ta bayansa, ya ɗora hannuwansa bisa bayan jirgin, ya ce masa ya riƙe. Suka bi ruwa a hankali har ya kai su wata kwana mai yashi. Taki ya tafi, filafili ya tafi, rai biyu suka fita. Waɗanda suka yi dariya a dandali su suka fara kawo 'ya'yansu a koya musu iyo.

Ruwa ba ya duban girma ko suna. A Busa ne duwatsun Kwara suka tare jirgin Mungo Park a 1806 ya halaka, wurin da tafkin Kainji ya shanye tun 1968. A watan Mayu na 2021 jirgi ya karye kusa da Warra ta Jihar Kabbi, mutum fiye da ɗari suka salwanta. A watan Nuwamba na shekarar nan kuma wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano da 'yan makarantar Islamiyya. Sau da yawa sanadin ba ya wuce lodi fiye da kima, da tsufan jirgi, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa, da rashin iya iyo. A Argungu, inda a ke bikin kamun kifi tun ziyarar Sarkin Musulmi Hasan a 1934, yaro kan tashi da iyo kamar yadda namu kan tashi da fartanya. Mu da ba mu gada ba, sai mu nema wurin masu shi.

Saboda haka duk wanda gonarsa ko kasuwarsa ke hayi, ya nemi jirgi daidai ƙarfinsa, ya sayi rigar ruwa tun bai sayi fenti ba, ya sami gwani ya durƙusa masa ko da sa'an ɗansa ne. Ya koyi kifewa da rani a ruwa mai sauƙi, tun damina ba ta koya masa da ƙarfi ba. Allah ya kiyashe mu da sharrin ruwa, amin.