Dogon jak ɗin motarmu da dokar da muka kafa masa

Tun da aka saka hoton motar ƙungiya a wannan shafi, tambayar da ta fi yawa ita ce ta dogon ƙarfen nan mai huji-huji da ke tsaye a bayan kan motar. Wasu sun zaci tsani ne, wasu sun ce ragowar kayan soja ne. Jak ne, abin da 'yan uwanmu na Nijar ke kira kirik. Mun ga ya dace mu yi bayaninsa, domin irinsa ya fara yawa a hannun masu motocin daji, kuma yaranmu ne ke riƙe shi.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san kwalta ba ta kai ko'ina ba. Tun 1930 da layin dogo daga Kano ya zo ya tsaya a Nguru, kayan da za su wuce nan sai a bayan raƙumi ko jaki ko mota. Yau akwai kwalta daga Nguru ta Jajimaji zuwa Gashuwa, amma da ka sauka daga kanta ƙasa iri biyu ke jiranka. Ta arewa, bayan Yusufari wajen Bulatura da Tulo-Tulowa, tuddan rairayi ne. Ta kudu, wajen Dagona da bakin kogin Yobe, laka ce mai danƙo da zarar ruwan Agusta ya sauka.

Saboda haka ne muka yi karo-karo muka sayi tsohuwar motar soja da aka yi gwanjonta, mai ja da ƙafa huɗu, cikinta nesa da ƙasa. Kafin ta fara aiki sai da muka sake mata fenti, tun da doka ta hana farar hula hawa mota mai launin soja, balle a yanki irin namu. Ita ke ɗauko mana gero da wake da kanwa daga ƙauyuka, ita ke fito da mara lafiya idan hanya ta yanke. Amma duk ƙarfinta tana kafewa, kuma mota mai nauyin sama da tan biyar idan ta nutse, har ciki take zama. A lokacin gajeren jak mai aiki da mai ba shi da wurin shiga ƙarƙashinta.

Nan ne amfanin dogon jak. Asalinsa daga garin Bloomfield ne a jihar Indiyana ta Amurka, inda wani mai suna Philip Harrah ya ƙirƙiro shi a 1905, kuma har yau ana ƙera shi a can da sunan Hi-Lift. An fi samun mai inci 48 da mai inci 60; namu mai 60 ne, nauyinsa wajen kilo 14. Ba ya shan mai, ba shi da roba da za ta fashe. Fil biyu ne ke hawa hujojin ƙarfen ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da aka danna hannunsa. Leɓensa yana sauka kusa da ƙasa ƙwarai, yana kuma iya hawa sama da mita ɗaya.

Ga lissafin da muke so kowa ya riƙe. Masu ƙera shi sun ce nauyin aikinsa kilo 2,113 ne. Sun gwada shi zuwa kilo 3,175, kuma sun sa masa wata ƙusa da aka yi ta musamman don ta karye idan nauyi ya kai nan. Ku auna wannan da mota mai tan biyar, sannan ku ɗora mata buhuna. Ke nan jak ɗin na ɗaga kusurwa ɗaya ce ta motar da aka sauke wa kaya, domin a cike ramin da ke ƙarƙashin taya. Canjin taya da duk aikin da zai sa mutum ya kusanci ƙarƙashin mota na gajeren jak ne, tare da kututture a matsayin madogari. Idan ƙusar nan ta karye, irinta ake nema. Wanda ya maye ta da ƙarfen da ya fi ta tauri ya cire abin da ke kare ransa.

Wurin ɗaura shi ma sai da muka zauna da direba da mai walda. A kan bamba ta gaba yana da kyan gani, amma nan ƙura da laka suka fi taruwa, kuma idan mota ta dulmiya da hanci jak ɗin ne farkon binnewa. A rufin kan mota ya yi nisa, sauko da shi kaɗai haɗari ne. A cikin ɗakin direba kuwa, ƙarfe mai kilo 14 da ba a ɗaure ba makami ne ranar da aka taka birki da ƙarfi. Sai muka tsayar da shi a jikin allon bodi na gaba, ta gefen direba, inda mutum zai miƙa hannu ya kai ko da mota ta zauna. An yi wa allon waldar ƙarafa biyu masu zare, su ke shiga ta hujojin jak ɗin a ɗaure da noti, aka ƙara da kwaɗo. Jikin jak ɗin kansa wuta ba ta taɓa shi ba, domin zafin walda yana raunana shi. Hannunsa mun ɗaure da robar tsohon tub don kada ya riƙa kaɗawa, wurin fil ɗin kuma mun sa masa riga ta tamfol.

Mai waldar ya kuma yi mana mazauni a kusurwoyin bamba, daidai inda ta haɗu da ƙashin motar, domin leɓen jak ya shiga ya zauna. Leɓe a kan ƙarfe mai sulɓi shi ne mafarin zamewa. Giris ba ma shafa masa, don rairayi yake tarawa har fil ya ƙi motsi. Da kananzir muke wanke shi, mu ɗiga masa mai marar kauri, musamman lokacin hunturu.

Idan mota ta kafe, abu na farko shi ne direba ya ɗaga ƙafa daga totur, domin kowane juyin taya rami yake ƙarawa. Fasinja su sauka, kaya su sauka. A ja birkin hannu, a sa weji a sauran tayoyin. A share wuri da shebur a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi, tun da gindin jak ɗin ƙarami ne, rairayi zai haɗiye shi. Muna ɗaure aksil da ƙashin mota da sarƙa, in ba haka ba bodi zai yi ta hawa, sifirin yana miƙewa, taya tana zaune a raminta. Mai ɗagawa ya kama hannun da hannu biyu, ya tsaya a gefe, ya danna har ƙasa sai ya ji ƙarar shigar fil. Taya na tashi, da shebur ake tura ƙasa da kaba ko kachalla ƙarƙashinta, ba da hannu ba.

Saukewa ta fi ɗagawa haɗari. Kafin a buga ɗan ƙarfen da ke juya aikinsa zuwa ƙasa, dole hannun ya kasance a tsaye manne da jikin jak. Daga nan nauyin mota ne ke turo hannun sama da ƙarfi. Idan ya kuɓuce, sai ya kama bugu sama da ƙasa shi kaɗai, kuma duk haɓa ko goshin da ya samu a hanya ba ya tausaya masa. A tashoshin motocinmu ba a rasa wanda zai nuna maka giɓin haƙora ko yatsan da ya lauye daga irin wannan. Sannan idan nauyin da ke kansa ya gaza kilo 68, kan jak ɗin sulalowa yake gaba ɗaya, don haka a kawar da ƙafa.

Duk wannan koyonsa ba wuya. Abin da ke da wuya shi ne tsayawa a kai lokacin da rana ta take. Wata tafiya muna dawowa da kanwa daga arewa, motar ta zauna a gindin wani tudu, mai kayan ya ce a ɗaga ta haka nan, sauke buhuna ɓata lokaci ne. Yaron motar har ya kwance jak, don ba zai iya musu da babba ba. Direbanmu ya ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri. Kayanka in sun kwana gobe ma kuɗi ne. Yaron nan kuwa amana babarsa ta ba ni." Muka tuɓe riguna muka sauke kaya, shi ma Alhajin daga baya ya kama mana. Mun shiga Gashuwa bayan isha, kowa da ƙafafunsa.

Daga wannan ne ƙungiya ta mayar da abin doka. Ba a ɗaga motarmu da dogon jak sai an sauke kaya, ko na wane ne. Ladan masu saukewa da lodawa daga asusun mota zai fita, don kada kuɗi ya zama hujjar ganganci. Yaron da bai yi gwaji a fili da mota marar kaya a gaban direba ba, ba ya taɓa hannun jak. Direba kuma yana da ikon cewa a'a, ƙungiya na bayansa.

Muna roƙon masu motoci da ke bin wannan shafi, daga Machina har Gaidam, su duba nasu: ƙusar kariya tana nan, fil yana motsi, akwai katako da weji a mota? Fasinja kuma, in an ce ku sauka, ku sauka. Sauri ya haifi nawa. Iyayen da 'ya'yansu ke bin mota, ku turo su ranar da za mu yi gwaji kafin faɗuwar damina, ko ba motarmu suke bi ba. Za mu sanar da rana da wuri a nan. Allah ya kiyaye hanya.