Inda Ruwa Yake Ɗiga Ba Nan Yake Shiga Ba

Wani malamin makaranta da ya yi ritaya a Annapolis, a gaɓar mashigin ruwan Chesapeake na Amurka, ya sayi tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska, ƙirar faiba ta shekarun 1970. Muddin jirgin yana ɗaure a tasha, cikinsa a bushe yake ko da an kwana ana ruwan sama. Amma duk ranar da ya fita, iska ta kwantar da jirgin a gefe guda har taguwa ta fara lasar bakinsa, sai ya dawo ya tarar da katifa a jiƙe. Ya zargi tagogi, ya liƙe su. Ya zargi ƙofar rufi, ya sake mata roba. Damina biyu ya yi yana wannan lalube kafin wani tsohon makaniki ya nuna masa bakin jirgin, inda gangar jiki ta haɗu da rufi.

Tun da aka fara ƙera irin waɗannan jirage da yawa, bayan fitowar Pearson Triton a 1959, gida biyu ake zuba su. Gangar jiki tana da mazubinta, rufin da ake takawa a kai yana da nasa, daga baya a haɗa su. Kwatancinsu kwali ne da murfinsa: kwali marar murfi yana murɗewa a hannu, da an rufe shi sai ya yi ƙarfi. Saboda haka mahaɗin yana aiki biyu, hana ruwa shiga da kuma riƙe siffar jirgin yayin da iska da taguwa suke jansa.

Haɗin iri uku ne. A wani, leɓen gangar yana lanƙwasawa ciki, rufin ya zauna a kansa. A wani, leɓunan biyu suna fitowa waje a rufe su da roba. Wannan ya fi sauƙin ƙerawa, amma shi ne ke fara shan duka idan jirgi ya gogi tasha. A na uku, rufin yana kifuwa a kan gangar kamar murfin kwalin takalmi. Tsakaninsu ana shimfiɗa danƙo, sannan a ɗaure da ribit, ko sukuru, ko ƙusa mai noti wadda ta ratsa duka biyun. Ta ƙarshen ce ta fi aminci.

Jirgin malamin da ribit aka ɗaure shi. Shekaru na zafi da sanyi sun busar da danƙon har ya tsattsage, motsin jirgi ya faɗaɗa ramukan, gishiri kuma ya ci ribit ɗin alminiyom. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan da ya shiga ta gaba yana bin leɓen ta bayan kabad, ya je ya ɗiga nesa da ƙofarsa. Haɗarin ya wuce jiƙon katifa: rufin yawancin jiragen nan yana da katakon balsa a tsakiyarsa, idan ruwa ya kai gare shi sai ya ruɓe, rufin ya yi taushi.

Makanikin ya sa shi ya zauna a ciki da tocila, shi kuma yana fesa ruwa da tiyo daga waje, taku bayan taku, daga ƙasa zuwa sama. A nan suka gano cewa wani mai jirgin na baya ya shafe bakin da silikon. Wannan ya ɓoye yoyon na ɗan lokaci, ya kuma bar saura wanda ke hana sabon danƙo kamawa.

Gyaran ya ci hunturu guda. Sun cire sandar da ke bin bakin jirgin, suna huda tsofaffin ribit kashi-kashi don kada gangar ta buɗe. Sun kankare tsohon danƙo, suka bar wurin ya bushe sarai, suka cusa sabo, suka maye gurbin ribit da ƙusoshin ƙarfe marar tsatsa masu noti da washa. Ba su matse notin gaba ɗaya ba sai da danƙon ya kama, gudun kada su tatse shi waje. Duk inda hannu yake kaiwa ta ciki, sun ɗora ƙyallen faiba da gam ɗin ifoksi, gangar da rufin suka zama abu guda. Danƙon 3M 5200 kuwa, makanikin ya yarda da shi a mahaɗin kaɗai, domin abin da ya kama da wuya a sake raba shi.

Da bazara malamin ya fita da jirgin cikin iska mai ƙarfi, ya kwantar da shi har bakinsa ya nutse, sannan ya miƙa wa matarsa sitiyari ya sauka ciki ya shafa bayan kabad. Busasshe ya tarar.