Anini a Ƙarƙashin Ƙasa

Kullum mukan ji ɗalibi ya ce ba shi da ko anini, amma cikinmu mutum nawa ne suka taɓa riƙe anini a hannu? Ni dai na riƙe, kuma da kaina na tono shi a garinmu Tsafe.

Wani yayana da ya daina haƙar zinariya shi ya bar mini na'urar gano ƙarfe. Ana shafa ta bisa ƙasa, in ta ji ƙarfe sai ta yi ƙara. In an yi hutu nakan zaga da ita gonakin bayan gari, bayan na nemi izinin masu su. Ba na nisa, saboda rashin tsaro. Galibi ƙusa da gwangwani nake samu, amma yanzu ina da anini 3, kwabo 2 da sule guda.

Anini da kwabon nan masu huda ne, an zana musu tauraro mai tsini shida, ga kuma rubutun Larabci. Turawa sun fara buga su a 1907, don su maye gurbin wuri. Anini 10 ke yin kwabo, kwabo 12 ke yin sule. Da irin wannan sulen kakanninmu suka biya haraji, suka sayar da gyaɗa da auduga, tun kafin zuwan naira a 1973.

Abin da ke damuna shi ne, manomi kan turo irinsu da garma, yara su kai wa 'yan gwangwan a auna da kilo. Da an narkar, shi ke nan, shaida ta ɓace. A Ingila kuwa, a 2010, wani mai irin sha'awata ya gano tulu cike da kuɗin Rumawa fiye da 52,000 kusa da garin Furom. Bai taɓa tulun ba sai da masana suka zo. Mu da ke maƙwabtaka da tsohon garin malamai kamar 'Yandoto, wa ya san abin da ƙasarmu ta haɗiye?

To, 'yan'uwa ɗalibai, kowa ya tsinci tsohon kuɗi kada ya goge shi da yashi. Ya rubuta ranar da wurin, ya nuna wa malamanmu na tarihi. Ai da tsohuwar zuma ake magani.