Wata Takwas Muna Jiran Jirgin Keta Zamani

Mai karatu, in kai ma'abocin littattafan Hausa ne, na san ka taɓa kaiwa ƙarshen wani littafi da tsakar dare, daidai inda amarya ta tura ƙofa ta ga abin da ya sa ta ƙwalla ƙara, sai kawai ka ci karo da sanarwar a tari littafi na biyu. In kuwa ɗan kallo ne kai, ka san yadda ake sintiri a shagon haya ana tambayar ko kashi na biyu ya fito. To, kan wannan ciwo na jira nake so mu ɗan taɓa hira a wannan watan. Sai dai ni nawa ba marubuciya ce ta jawo mini shi ba, ba kuma furodusan Kano ba ne. Wani shirin talabijin ne na Amurka mai suna Legends of Tomorrow, wanda na yi wata takwas cur ina dakon fitowarsa.

Bari in ɗan warware wa wanda bai san shi ba. Tashar CW ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai dogon zango, Arrow, a 2012, labarin wani ɗan masu kuɗi da yake yaƙar miyagu da kwari da baka. Da ya karɓu, sai a 2014 aka cire wani yaro mai gudun tsiya daga cikinsa aka yi masa nasa shirin, The Flash. Turawa sun iya wannan dabara: in shiri ya yi kasuwa, sai su sari reshensa su dasa. Legends of Tomorrow reshe ne daga waɗannan biyun. An tsinto waɗanda ba su ne manyan jarumai ba, 'yan rakiya da ma wasu miyagu, aka zuba su a jirgin da yake keta zamani, ya je jiya ya je gobe kamar yadda kake hawa mota daga Kano zuwa Zariya.

A watan Mayu na 2015 aka saki tirelarsa. A lokacin na gama sakandare, na zauna jarrabawar shiga jami'a har karo biyu, ina zaman jiran tsammani. Ba ni da aikin da ya wuce zaman benci a shagon tura finafinai na bakin layinmu, inda za ka miƙa memori a cika maka shi da fim a kan 'yan canji. Mu huɗu ne 'yan benci na dindindin: ni, da mai shagon, da wani tela da yake maƙwabtaka da shi, sai ƙaraminmu, wani yaro mai shiru-shiru da mahaifiyarsa ta rasu shekara guda kafin nan.

Mai shagon ne ya ƙwala mana kira ranar. "Ku zo ku ga abin mamaki! Scofield da yayansa sun dawo!"

Ka san dai yadda Prison Break ya yi tashe a ƙasar nan. Daga 2005 zuwa 2009 aka yi shi, amma har bayan nan ana sayen faifansa, kuma babu unguwar da ba ta da wani saurayi da ake yi wa laƙabi da Scofield. To, Wentworth Miller da Dominic Purcell, waɗanda suka fito a wa da ƙane a can, su ne aka sake haɗawa a nan a matsayin ɓarayi biyu, Leonard Snart mai bindigar ƙanƙara da Mick Rory mai bindigar wuta. Mun riga mun ɗan ga ƙyallinsu a The Flash, amma yanzu an ce kowane mako za mu riƙa ganinsu. Ga kuma Sara Lance, wadda muka ga an kashe a Arrow a 2014, ta bayyana da ranta. Ga Brandon Routh da ya taɓa fitowa a Superman a 2006. Wallahi ranar sai da muka maimaita tirelar nan har batirin kwamfutar ya mutu.

Daga nan fa aka shiga lissafi. An ce sai farkon 2016. Muka riƙa bin tirelar daki-daki, a tsayar a nan, a koma baya a can, ana musu kan wane ne zai zama shugaba, wane ne zai ci amanar wani. Tela ya rantse Scofield ne zai gudu da jirgin, don a cewarsa mai hali ba ya fasa halinsa. Sai daga baya muka gane cewa an ɗauki tirelar ne tun kafin a fara ɗaukar shirin kansa, wanda sai a watan Satumba aka shiga aikinsa a Kanada, kuma da yawan abin da muka ɓata dare muna fassarawa babu shi a ciki. Mu da muka san yadda ake sakin talla a gida tun fim bai kammala ba, bai kamata a ce an yi mana wannan wayon ba. Amma ɗoki ba ya barin mutum ya yi tunani.

Wani dare an ɗauke wuta, muna zaune a duhu ana jiran a tayar da janareto, sai tela ya jefo tambaya.

"To wai ku, in an ba ku jirgin nan na kwana ɗaya, ina za ku?"

Shi ya fara amsa wa kansa. Ya ce zamanin kakansa zai koma ya sayi filaye a bakin titi lokacin da ake sayar da su kuɗin goro. Mai shago ya ce shi gaba zai yi, ya je Janairu ya kwafo shirin ya dawo ya sayar mana da tsada. Muka yi dariya. Ni kuwa ban yi wata-wata ba na ce ɗakin jarrabawa zan koma, in gyara amsoshin da suka hana ni makin da nake nema. Ƙaraminmu bai ce komai ba, har sai da tela ya zungure shi.

"Kai fa, ƙanena?"

Ya ce, "Asibiti zan koma, Yaya. Ba don in hana ba, wannan na Allah ne. So nake kawai in iso kafin ta cika. An aike ni sayen magani ne."

Babu wanda ya sake magana har janareto ya tashi. A daren na gane dalilin da ya sa yaron nan yake yawan roƙon a sake sa masa ƙarshen zangon farko na The Flash, inda Barry Allen ya koma daren da aka kashe mahaifiyarsa, ya fasa ceton ta, amma ya samu ya durƙusa kusa da ita suka yi sallama. Mu muna kallon gudu da walƙiya, shi abin da yake kallo daban.

Ka ga ke nan, mai karatu, mu huɗu muna jiran shiri ɗaya, amma kowa da fim ɗin da ya riga ya shirya a ransa. Bahaushe ya ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Finafinan keta zamani kuwa kasuwarsu ke nan: suna sayar maka da mafarkin cewa za ka iya juyawa ka kalli ƙeyarka, har ma ka gyara ta. Shi ya sa jiransu ya fi na sauran finafinai zafi.

A farkon Disamba aka ƙara mana gishiri, aka haɗa Arrow da The Flash a labari ɗaya na dare biyu don a gabatar da bos ɗin sabon shirin, Vandal Savage, wani boka daga tsohuwar Masar da ya shekara kusan dubu huɗu bai mutu ba. A 'yan makonnin nan ne kuma nawa jiran na biyu ya ƙare. Jami'a ba ta samu ba, sai kwalejin kimiyya da fasaha. A gida aka yi mini murna, amma irin murnar nan da ake haɗawa da "Allah ya sa haka ya fi alheri". Abokan karatuna biyu sun samu jami'a. Na karɓi takardata ina jin kamar ragowar tuwon da aka ce a ba almajiri.

Ranar Alhamis 21 ga Janairu, 2016 aka nuna kashi na farko a Amurka. Mu sai washegari ya iso mana. Ana sakkowa daga masallacin Juma'a muka cika shagon, ana hunturu, mai shago ya ja labule ya ce yau ba ya tura wa kowa fim sai an gama.

Labarin ya buɗe a shekarar 2166, Savage ya ci duniya da yaƙi. Wani matafiyin zamani mai suna Rip Hunter ya dawo 2016 da jirginsa Waverider, ya tara mutum takwas, ya shaida musu cewa a zamaninsa su gwaraza ne da tarihi yake ji da su. Suka bi shi zuwa 1975. Kafin kashin ya ƙare sai asiri ya tonu: ƙarya yake yi. Ya zaɓe su ne saboda rayuwarsu ba ta da wani tasiri a tarihi, ko sun mutu a hanya babu abin da zai canja. Shi kansa ba aiko shi aka yi ba, sato jirgin ya yi, don Savage ya kashe masa mata da ɗa.

Sauran suka yi tsaki, suka ce an raina musu jarumai. Ni kuwa sai na ji kamar da ni ake. Na zo kallon waɗanda za su koma baya su gyara kuskure, sai aka nuna mini waɗanda aka ɗauka don babu wanda zai yi kewarsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, bayan sun ji gaskiya, ba su sauka daga jirgin ba. Kowa ya yi fushinsa ya gama, sannan suka ce tunda an zo, a ci gaba, ƙila su sa tarihin ya san da zamansu. Ranar Litinin na tafi makaranta ban ja ƙafa ba kamar yadda na saba.

Kada ka ɗauka ina cewa shirin ya cika alƙawari. A matsayina na mai sharhi, zangon farko, mai kashi 16, yana da rauni. Bos ɗin bai da kwarjinin da aka yi ta zuzutawa. Soyayyar masu fukafukan nan biyu ta cinye lokaci ba tare da ta taɓa zuciya ba. Sau da yawa jaruman su ne suke ɓata al'amari da hannunsu don kawai labari ya yi tsawo. Sannan a watan Mayu suka yi mana mai gaba ɗaya: Snart ya sadaukar da ransa don ya ceci sauran. Mai shago ya dafe kai ya ce, "Sun sake kashe mana Scofield!" Ya yi rantsuwa ya daina kallo. Bai huce ba sai a 2017 da aka dawo da Prison Break aka ce ashe Scofield ɗin bai mutu ba.

Ni ma na fusata. Na sami littafin rubutu na cika shafi shida da zagin shirin, kuma wannan shi ne sharhin fim na farko da na taɓa yi. Na karanta wa 'yan benci, ana ta jinjina mini. Ƙaraminmu ne kaɗai bai yarda ba. Shi ya bi shirin har ƙarshe, ya ga yadda Rip Hunter ya yi iya yinsa amma matarsa da ɗansa ba su dawo ba.

Ya ce, "Yaya, kai haushinka ba su yi irin wanda kake so ba ne. Ai da ya cece su, da ƙaryar ta yi yawa."

Na daɗe ina juya maganar nan. Da na sake duba shafukan nan shida, sai na ga rabin abin da na rubuta ba a kan shirin da aka nuna ba ne, a kan wanda na yi wata takwas ina shiryawa a kaina ne. Har yau, duk fim ɗin da zan yi wa sharhi, na gida ko na waje, sai na fara tambayar kaina: laifin darakta ne, ko laifin ɗokina? Sau tari in ka ji 'yan kallo suna cewa kashi na biyu bai kai na ɗaya ba, to wanda suka kwana suna tsarawa ne bai zo ba.

Abin dariya, shirin ya gyaru ne bayan da yawancinmu muka juya masa baya. Daga zango na biyu aka ba Sara Lance ragamar jirgin, masu shi suka rage ɗaure fuska suka koma barkwanci, har ta kai a 2018 an yi fito-na-fito tsakanin wani aljani da ƙatuwar 'yar tsana shuɗiya. Ya yi zango bakwai, kashi 110, ya fi wasu manyan da aka fi ji da su daɗewa. A watan Maris na 2022 aka nuna kashin ƙarshe, inda aka kama jaruman gaba ɗaya, sai kuma a Afrilu tashar ta ce ta soke shi. Wato dai an bar masu kallo a tsaye a kan "a tari littafi na gaba", littafin da bai fito ba.

Shagon nan yanzu babu shi, mai shi ya koma sayar da kayan waya tunda kowa yana sauke fim da kansa. Tela ya yi aure ya tashi daga unguwar. Ƙaraminmu yana aikin jinya a wani gari, sai da sallah muke haɗuwa. Kwanakin baya ya tuna mini tambayar daren nan, ya ce ko har yanzu ɗakin jarrabawa zan koma. Na ce masa a'a, na yafe makin. In dai jirgin na kwana ɗaya ne, a kai ni bencin nan a wani dare na 2015, an ɗauke wuta, tela yana rantsuwa a kan abin da bai sani ba, mu duka huɗu muna jiran Janairu.

Saboda haka, mai karatu, in akwai wani fim ko littafi da kake ɗokin fitowarsa, yi ɗokinka son ranka, ka yi musu, ka yi hasashe. Sai dai in ya fito, ka ba shi dama ya faɗi abin da ya zo da shi kafin ka yanke masa hukunci. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.