Kwana da Ƙoshi a Alkahira

Baƙon da ya sauka Alkahira da ɗan guzuri, hankalinsa kan fara tashi ne a kan masauki. Manyan otal-otal na bakin kogin Nilu sun fi ƙarfinsa. Amma a tsofaffin benaye na titin Tala'at Harb, kusa da dandalin Tahrir, akwai ƙananan masaukai a hawa na sama, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin haɗaka. Wanda kuma yake da ɗan'uwa mai karatu a Jami'ar Azhar yakan nufi Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Afirka suka yi yawa.

Abinci ya fi sauƙi. Da sassafe mai kura yana kwaso ful daga tulun ƙarfe, waken ya dahu luguf, ya zuba mai da lemun tsami, ya miƙo da gurasa. Ma'aikata na ci a tsaye, baƙon ma ya shiga cikinsu, kuma wannan cuɗanyar ta fi komai kwantar masa da hankali. Da rana sai koshari: shinkafa, taliya, adas, miyar tumatir, da soyayyar albasa a sama.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa, da aka buɗe a 1987, yana rage masa kuɗin tasi.