Ranar da aka ce Baba ya cire hula

Wani abu ne ya daɗe yana cina a rai, yau na ce bari in fidda shi.

Kwanakin baya na raka Baba wani buro a Yamai kan maganar kuɗinsa na ritaya. Mun taso tun daga Maradi, mun kwana a hanya. Da layi ya zo kanmu, Baba ya tsaya bakin ƙofa zai tuɓe takalmi, sai wani saurayi da ke tsaron wurin ya ce masa: "Tsoho, bar takalminka, hular za ka cire." Baba ya dube ni. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa ganin kansa ba hula a cikin mutane ba, sai wurin alwala ko gaban wanzami. Ya cire, ya riƙe ta da hannu biyu kamar mai laifi. Har muka koma tasha bai ce uffan ba.

Yaron nan ba rashin kunya ya yi niyya ba, abin da ya tarar ke nan. To daga ina aka samo shi?

Al'adar Turawa ce, kuma a wurinsu tana da tushe. Ana danganta ta da mayaƙan Turai na da, masu hular ƙarfe da ke rufe fuska. In mutum ya shiga gidan wani sai ya cire ta, a ga fuskarsa, a san ba da faɗa ya zo ba. Akwai kuma addini: a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga mutanen Koranti an ce kada namiji ya rufe kai in yana addu'a, shi ya sa maza ke cire hula a coci, mata kuwa su bar tasu. Daga baya abin ya zama ma'aunin girma, ƙarami shi ke buɗe kai gaban babba. A fadar Sifen ta da, barin mutum da hularsa gaban sarki gata ne na manyan fadawa kawai. A Landan ma, a 1670, kotu ta ci William Penn tara saboda ya tsaya gaban alƙali da hula a kai. Har yau in Bafaranshe ya yaba maka, "chapeau" zai ce, wato ya cire maka hula.

Mu kuwa namu akasin haka ne. Girmamawa daga ƙafa take farawa. Ka je fadar Sarkin Damagaram ko ta Katsinar Maradi, takalma ne za ka gani jibge a waje, hula da rawani suna kan masu su. Saurayin da ya je gaida surukai kai ba tagiya, ai an gama karanta shi tun daga zaure. Malfa ce kawai ake ajiyewa, ita ma don ta rana ce, kuma sau da yawa akwai hula a ƙarƙashinta.

Inda abin ya fi yi mini zafi shi ne ni ma ina cikin masu yi. Shekaru ina koyarwa a lakkwal, duk yaron da ya shigo aji da hula sai na daka masa tsawa, don haka mushenmu ya yi mana. Ban taɓa tambayar dalili ba. Hana-sallah da yaro ya karkata yana ɓoye ido a bayan aji, wannan har gobe zan sa a cire. Amma yaron da ya sha tagiyarsa ranar Juma'a, me ya yi?

In hoton takarda ne ko bincike na tsaro, kowa ya gane, sai a roƙi dattijo da lalama, a gaya masa dalili. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ladabi ne, a ƙasar da buɗe kan tsoho a bainar jama'a tozarci ne.

Sai da mota ta wuce Dosso Baba ya yi magana. Ya gyara zaman hularsa, ya ce in an sake kiransa, ni in je a madadinsa.