Damagaram: Garin da Ƙofa ke da Ladabi

Damagaram tsohon gari ne. Daga Yamai zuwa can tafiyar kilomita wajen 900 ce. Shi ne babban birnin Nijar daga 1911 har 1926, kafin a maida mulki Yamai. Yau fiye da shekara 150 ke nan da Sarki Tanimun ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi. Da dare a rufe, da asuba a buɗe. Ganuwar ta zube, sai guntaye, amma ladabin ƙofa bai zube ba.

Baƙon da ya shiga unguwar Birni zai ga lunguna matsattsu, da gidajen ƙasa masu zane a goshi. Gidan magidanci da zaurensa. Nan namiji baƙo yake tsayawa, ya yi sallama. Ba ya wucewa ciki. Yaro ne ke fitowa ya ce: "Baba, ana zuwa," ya shimfiɗa tabarma, ya kawo ruwa. Mace kuwa takan ce: "Gafaranku dai, masu gida," a amsa mata, sannan ta shige.

Ƙofar tsohon zaure sau da yawa ba ta ɗaukar mutum biyu. To wa zai fara? Babba ne. Yaro yakan ja gefe, ya ɗage asabari, ya riƙe har dattijo ya wuce. In mace ta zo da tulu a ka, ko goyo a baya, ita ake ba hanya. Wanda aka riƙe wa yakan ce: "Allah shi yi albarka." A fadar Sultan ma haka ne: dogarai na bakin ƙofa, mai shiga gaisuwa ya tuɓe takalmi, ya jira a yi masa iso.

A sabbin unguwanni akwai wasu ƙofofin daban. A asibiti da banki da ma'aikatu ana samun ƙyauren ƙarfe ko na madubi mai komawa da kansa. In na gaba ya sake shi bai waiwaya ba, sai ya bugi na baya. Na bayan nan kuwa wataƙila makaho ne, ko tsohuwa mai sanda, ko uwa ɗauke da yaro marar lafiya. Waiwaye ɗaya ya isa ya hana rauni.

Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne. Garin garake ne, masu dabino da mangwaro da kayan miya. A nan ladabin ya juya. Ƙofar garka ba a barin ta buɗe. Wanda ya riƙe tufaniya wani ya wuce da jakinsa, shi ne kuma zai maida ta ya ɗaure. In ya manta, awaki su shiga, wahalar wata uku ta ƙare da hantsi ɗaya. Daga nan sai gardama tsakanin manomi da makiyayi, sai gaban mai gari, sai biyan ɓarna.

Ke nan mai tafiya ya riƙe abu biyu. Ƙofar gida da ta asibiti, a riƙe wa na baya. Ƙofar garka da ta garke, a rufe bayan an wuce. Babu wanda ke cin ko dala, amma da su ake gane ɗan gidan mutunci.